Ɗaki mai baranda a jirgin ruwa: ya kai a ba da kuɗin bijimi?

Assalamu alaikum, Malama. Ni dillalin shanu ne a abbatuwar Oko-Oba da ke Agege, shekarata 27 a Ikko. Bana muke cika shekara 25 da aure ni da maiɗakina. Tun muna amarci, duk sanda mota ta hau da mu gadar Third Mainland sai ta leƙa ruwa ta ce ita dai burinta wata rana ta kwana a kan teku. Na yi mata alkawari, hidimar yara ta hana. Yanzu autarmu ta shiga jami'a, Allah kuma ya hore. Wani ejan ya samo mana tafiyar kwana bakwai a jirgin ruwan shaƙatawa a Bahar Rum, cikin watan Satumba, za a tashi daga Basalona ta ƙasar Sifaniya. Ya ce ɗaki marar taga Yuro 700 ne kowane mutum, mai taga 850, mai baranda 1,150. Ke nan tsakanin na farko da na ƙarshe, mu biyu, akwai Yuro 900. Da na buga lissafi da naira sai na ga kuɗin bijimi ne mai kyau. Aminina ya ce ɗaki wurin kwana ne kawai, biyan wannan kuɗi a kan kujeru biyu na baranda almubazzaranci ne. Ita kuwa Hajiya tana fama da ciwon gwiwa, ba ta son cunkoso, ba ta fita sai da hijabi har ƙasa, kuma tun ranar da aka ɗauke wuta tana cikin lif a wani asibiti ba ta ƙaunar rufaffen wuri. Ban gaya mata ba tukuna, so nake in yi mata ba-zata. Wanne zan biya?

Alhaji, daga Agege

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara danƙon ƙauna, ya ba ka ladan riƙe alkawarin da ya shekara 25 bai faɗi a ƙasa ba.

Ka biya mai barandar, matuƙar ba bashi za ka ci ba kuma ba jarin kasuwarka za ka taɓa ba. Amma kada ka tura wa ejan ko sisi sai ka karanta zuwa ƙarshe, domin akwai barandar da ba ta kai kuɗinta ba, akwai kuma lokacin shekarar da ko mai kyaun ma asara ce.

Zan fara da amininka, saboda ba shirme ya faɗa ba. Irin wannan tafiya ta yammacin Bahar Rum, jirgi da dare yake tafiya, gari na wayewa ya tsaya a tasha. Yau Marsel a Faransa, gobe Jenowa a Italiya, jibi tashar da ake sauka a tafi Roma, daga nan tsibirin Sisili ko Malta, galibi rana ɗaya ce tak ake yini cur a tsakiyar ruwa. Mutane su karya da safe, su sauka su shiga gari, su dawo da la'asar ƙafa ta yi tsami, su yi wanka, su ci abinci, su kwanta. Kuma mai ɗaki marar taga da mai baranda abinci ɗaya suke ci, ƙofa ɗaya suke bi su sauka, garuruwa ɗaya suke gani. Da a ce saurayi ne da amaryarsa masu jini a jika suka rubuto mini, waɗanda ba za su bar lungu ko ɗaya ba su leƙa ba, da na ce su bi maganar amininka su adana kuɗinsu.

Ni kaina tafiyata ta farko a irin ɗakin na kwana, ni da ƙanwata, kuma ban yi da-na-sanin kuɗin da muka rage ba. Ɗaki ne tsaf, gado mai kyau, banɗaki, na'urar sanyaya ɗaki, talabijin, da labule a bango wanda in ka yaye shi bangon za ka tarar. Abin da ba a gaya mana ba shi ne duhun. In ka kashe fitila, ko tafin hannunka ba ka gani, kuma haka ɗakin yake da tsakar dare, haka yake da tsakar rana. Mu da muka saba kiran sallar masallacin unguwa ke tashinmu, ko ƙarar motocin farko da ke fita kafin gari ya waye, a can babu ko ɗaya. Kwana na biyu agogon wayata ya rikice, muka farka muna zaton asuba ce, ashe hantsi ya dubi ludayi. Sallar nan da ta kuɓuce mana har yau tana yi mini ciwo.

To amma ba duhun ne ya sa na ce ka biya ba. Mutumin da ya ɗauki ɗaki marar taga, lissafinsa shi ne in yana son iska da kallon teku sai ya hau saman jirgi, inda kowa ke da iko ya zauna kyauta. Gaskiya ne. Sai dai ka san me ke saman jirgin? Wurin ninƙaya ne, da ɗaruruwan kujerun kwanciya jere, maza da mata cikin kayan wanka suna shan rana, ga mashaya a gefe, ga kiɗa tun daga hantsi har dare. Manyan jiragen nan suna ɗaukar mutum dubu huɗu, wasu har dubu shida. Ba wanda zai tsangwami Hajiya, ni dai ban ga an yi wa kowa ba, mutane harkar gabansu suke yi. Amma ka tambayi kanka tsakani da Allah: matar da ka kwatanta mini, za ta ja kujera a tsakiyar wannan wuri ta miƙe ƙafa awa biyu tana kallon ruwa? Na san irinta, domin yayata haka take. Za ta je sau ɗaya don kada ranka ya ɓaci, ta tsaya minti goma tana riƙe hijabi da hannu biyu saboda iska, ta ce maka ta gani, Alhamdu lillahi, ku koma ɗaki. Akwai lungunan da ba hayaniya, musamman farfajiyar hawan da jiragen ceto suke, kuma da sassafe saman jirgin ma fayau yake. Sai dai kowane zuwa sai an shirya, an saka hijabi da safa, an bi dogon lungu, an jira lif.

Gidan Bahaushe bai cika gida ba sai da tsakar gida, wurin da mace za ta fito daga ɗaki ta sha iska ba tare da ta fita waje ba. Mu mazauna Ikko mun fi kowa sanin darajarsa, don da yawanmu mun yi zaman ɗaki ɗaya a gidan haya, ƙofa na kallon ƙofa, inda in mace na son ganin sama sai ta fita bakin titi. A cikin jirgi baranda ita ce tsakar gidan Hajiya. Ba ta da girma, kamar a shimfiɗa tabarma biyu ne: kujeru biyu, ɗan teburi, katangar gilashi da ta wuce ƙugu, da shamaki dama da hagu tsakaninku da maƙwabta. Amma taku uku ne daga gado, kuma ba mai shiga sai ku.

A tafiyata ta biyu, da maigidana, mai baranda muka kama. Ranar da za mu shiga Malta na idar da sallar asuba na zuge ƙofar gilashin na zauna da carbi. Iska mai ɗanɗanon gishiri, ruwa baƙi ƙirin yana komawa shuɗi a hankali, ba ka jin komai sai yadda jirgi ke tsaga shi. Can sai ga wani ɗan ƙaramin jirgi ya matso ya manne da namu, wani mutum ya kama tsani ya hau, ashe shi ne jagoran tashar da zai shigar da mu. Daga nan ganuwar birnin ta fara fitowa, dutse ne ruwan zuma, rana na haska ta daga sama zuwa ƙasa, muka ratsa ta mashigar kamar a miƙa hannu a taɓa. Shayina ya huce ban kurɓa ba. Wannan abin da ƙarfe shida da wani abu ya faru. Da a ɗaki marar taga nake, da sai dai in ji labari wurin karin kumallo. Matar da ta shekara 25 tana leƙen ruwa ta tagar mota a kan gada, irin wannan safiyar take nufi in ta ce tana son kwana a kan teku.

Sai dai kada ka gaya mata cewa sirrin barandar cikakke ne. A tsakiyar teku, e, daga ita sai ruwa. Amma in an tsaya a tasha, sau da yawa wani jirgin ne ke tsaye daura da naku, barandarsa na kallon taku. Wasu jiragen kuma an gina su hawa-hawa ne, na ƙasa ya fi fitowa waje, ta yadda wanda ke sama in ya leƙo zai hango na ƙasa. Ma'aikata ma sukan bi suna wanke barandu a ranakun tsayawa, yawanci bayan sun ajiye sanarwa a ɗaki. Ka ce wa ejan mai rufi a sama kake so, ita kuma ta riƙa ajiye mayafi a bayan kujera.

Maganar lif ɗin nan da ka ambata a ƙarshen wasiƙarka kamar ƙarin bayani, ni a wurina ita ce ta soke ɗaki marar taga gaba ɗaya. Wanda ya taɓa maƙalewa a rufaffen wuri cikin duhu, jikinsa ba ya mantawa ko da bakinsa ya ce ya wuce. Ka sa shi a ɗakin da ba taga, ƙofarsa ɗaya kuma tana buɗewa ne cikin siririn lungu mai ƙofofi iri ɗaya ɗari, kwana bakwai, ba inda zai gudu don ruwa ne ko'ina? In abin ya motsa mata a dare na farko, ba lallai a sami wani ɗakin da za a sauya muku ba, domin a lokacin cikowa jirgi kan tashi ba ɗaki ko ɗaya a buɗe. Saboda haka ko da lissafi ya ƙi, kada ka sauka ƙasa da mai taga. Yuro 300 ne kawai ƙari a kan ku biyu, za ta ga haske, ta ga ruwa, ta san dare da rana. Amma ka sani tagar ba ta buɗuwa, gilashi ne mai kauri a liƙe. Tana maganin duhu, ba ta ba da iska.

Kuma lif ɗin ba ta da makawa a jirgi. Hawa goma sha wani abu ne, tsawonsa ya kai filin ƙwallo uku a jere, ga gwiwa ba ta son matakala. Jirgi da nasa injinan wutar yake tafiya, ba ɗauke-ɗauken da muka saba da shi a gida, wasu ma lif ɗinsu na gilashi ne ana ganin waje, ka gaya mata haka don hankalinta ya kwanta. Duk da haka ina ganin za ta rage zirga-zirga iya yadda za ta iya. Duk abin da ka faɗa a kanta, gwiwar, cunkoson, hijabin, lif ɗin, wuri ɗaya suke nunawa: wannan baiwar Allah za ta yi zaman ɗaki fiye da yawancin fasinjoji. Maganar amininka ta ɗaki wurin kwana ne kawai, a kanta ba ta hau ba.

Tunda kai ɗan kasuwa ne, mu buga lissafin. Yuro 900 a raba kwana bakwai, kusan 130 ke nan kowane dare. Me za ku samu? A Satumba rana ba ta faɗuwa a wannan yanki sai tsakanin ƙarfe bakwai da takwas, ba kamar nan da bakwai ke yi duhu ya shiga ba, jirgi kuma kan bar tasha wajen shida ko bakwai. Kuna da yammaci mai haske kullum, kuna kallon gari na nisa har magariba. Kuna da asuba zuwa hantsi. Kuna da ranar nan guda ta tsakiyar ruwa. Sannan akwai ranakun da Hajiya za ta ce ita yau ba ta sauka, kuma za a yi su. Daga tashar da jirgi ke tsayawa zuwa cikin Roma kusan kilomita 80 ne, fiye da awa guda a mota, in an isa kuma tafiyar ƙafa ce a kan daɓen duwatsu. Mai ciwon gwiwa ba ta yin irin wannan kwana biyar a jere. In na haɗa, ina ganin za ta yi awa uku ko huɗu a barandar kowace rana, wata ranar fiye. Wanda zai yi minti ashirin a kanta ya yi asara, ita kuwa za ta ci kuɗinta.

Abu ɗaya da zan faɗa maka don kada ka ce ban faɗa ba: ba kowace tasha ce Malta ba. Wasu tashoshin na aiki ne, in ka zuge labule kwantena za ka gani da manyan ƙugiyoyin ɗaukar kaya da tireloli, ka rantse Apapa ce. Kyan kallon yana wajen shiga da wajen fita da kuma tsakiyar ruwa.

Duk wannan lissafi a kan Satumba na yi shi. In ejan ya dawo ya ce maka ga araha a Disamba ko Janairu, to magana ta sauya. Lokacin hunturu ne a can, sanyi da ruwan sama, rana na faɗuwa tun wajen biyar, kuma tsakanin Basalona da Marsel akwai wata iska mai ƙarfi da ke saukowa daga kudancin Faransa tana tayar da teku. Mu da sanyin Disambar Ikko ma ke sa mu nemi rigar sanyi, ba za mu zauna a baranda a wannan yanayi ba. In tafiyar ta koma hunturu, ka kama mai taga ka huta. Watan Mayu, Yuni da Satumba su ne lokacin baranda. Yuli da Agusta akwai zafi, ga tsada, ga cikowar masu hutun makaranta.

Yanzu sai abin da za ka tsare ejan da shi. Kai da ba ka sayen sa sai ka zagaya shi ka duba haƙori da kofato, kada ka sayi ɗaki da sunan “mai baranda” kawai. Ka ce ya ba ka lambar ɗakin da taswirar hawan, kowane kamfani yana da ita a shafinsa na intanet, ɗaya daga cikin yaranka zai buɗo maka. Akwai barandun da jiragen ceto ke rataye a gabansu ko a ƙarƙashinsu, sun tare rabin kallon, ana sayar da su da rangwame, wani ejan kuma ba zai ambata ba sai an tambaye shi. Akwai kuma wani farashi mai sauƙi wanda sharaɗinsa shi ne kamfani ne zai zaɓa muku ɗakin daga baya. Wannan bai dace da ku ba, don za a iya jefa ku can ƙarshen jirgi, Hajiya ta riƙa taka rabin filin ƙwallo kafin ta kai lif. Ka nemi tsakiyar jirgi, kusa da lif amma ba jikinta ba, a hawan da sama da ƙasa duk ɗakunan kwana ne. In wurin ninƙaya ne a samanku, jan kujeru zai tashe ku tun da duku-duku. In zauren kiɗa ne a ƙasanku, ba barci sai tsakar dare ta wuce.

Tsakiyar jirgi tana da wani amfanin. Goshin jirgi da bayansa su suka fi tashi da sauka in teku ya motsa, haka ma hawan can sama ya fi na ƙasa lilo. Tashin zuciyar da ke kama mutane a ruwa yana zuwa ne in jiki na jin motsi amma ido na ganin bango a tsaye cik. Shi ya sa ake cewa mutum ya fita ya sha iska ya kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa, kuma nan ma baranda ta yi rana. Manyan jiragen nan ba sa girgiza sosai, sau da yawa mantawa ake yi a ruwa ake. Amma in Hajiya ba ta taɓa hawa ruwa ba, ka ɗauke ta wata rana ku shiga jirgin ruwan gwamnatin jiha daga Ikorodu zuwa Falomo. Ƙaramin jirgi ya fi babba tsalle nesa ba kusa ba, in ta sauka tana dariya to ba ku da matsala. In ta sha wuya, ku ga likita ya rubuta mata magani kafin tafiya, musamman in tana shan wani maganin na gwiwa ko na hawan jini.

Ka isar mata da wannan saƙo daga gare ni, don na san halinmu: kasko da garwashi da turaren wuta su zauna a Agege. Ba a kunna wuta kowace iri a ɗakin jirgi ko a baranda, har kyandir, kuma dutsen guga ma karɓewa ake yi a bakin shiga. Ba tsanani ba ne haka kawai. A watan Maris na 2006 gobara ta tashi daga wata baranda a jirgin Star Princess a kusa da Jamaika, binciken da aka yi ya fi karkata ga guntun sigari, ta lashe ɗakuna da dama, mutum ɗaya ya rasu. Yawancin kamfanoni yanzu sun hana shan taba a baranda, sun kuma hana shanya a kanta. Humra da turaren fesawa sun wadatar. In kuma kuka ga ɗaki ya ɗau zafi, ku duba ƙofar barandar, a jirage da yawa na'urar sanyi na tsayawa ne da kanta in ba a rufe ƙofar da kyau ba.

Wajen salla, baranda za ta nuna muku fitowar alfijir da faɗuwar rana da idonku, ba sai kun dogara da waya ba. Alƙibla ce ke son lura. A nan Ikko gabas muke fuskanta mai karkata arewa, a can kuwa gabas ce mai karkata kudu, kuma jirgi na juyawa. Akwai tasha a talabijin ɗin ɗaki da ke nuna inda jirgi yake da inda ya dosa, da ita muka riƙa aiki. A cikin ɗaki za ku shimfiɗa darduma, barandar ta yi ƙanƙanta kuma ƙasanta kan jiƙe da raɓar gishiri. Hukuncin ƙasaru da na sallar cikin jirgi, ka zauna da limaminku kafin ku tashi.

Ta ina za a rage zafin Yuro 900 ɗin? Ta wuraren da ejan zai so ya ƙara maka. Za a tallata maka kuɗin abin sha na mako guda, wanda tsadarsa ta giya ce, ku kuwa ruwa da shayi da gahawa kyauta ne a babban wurin cin abinci. Za a tallata maka yawon gari da motar kamfani a kowace tasha. Ka zaɓi biyu da ba su da yawan tafiyar ƙafa, sauran ku sauka da kanku ku ɗan zaga kusa ko ku zauna. Intanet ɗin jirgi sayensa ake, ka sayi na waya ɗaya ko ka jira tasha, kuma ka kashe layinka in kuna tsakiyar ruwa, don kuɗin da zai ja ba kaɗan ba ne. Masu hoto za su bi ku kullum, ba dole ba ne. Ka kuma tambaya tun yanzu ko kuɗin hidimar ma'aikata, wanda ake ɗora wa kowane mutum kowane dare, yana cikin farashin da aka ba ka, don kada ya zo maka a ranar sauka. A sanar da kamfani cewa ba ku cin alade, kifi da kayan lambu da taliya kuwa ba sa yankewa.

Sai biza, kuma nan nake so ka fi natsuwa. Ta Shengen za ku nema, wato bizar haɗin gwiwa ta shiga yawancin ƙasashen Turai, kuɗinta Yuro 90 kowane mutum tun 2024, ban da na ofishin da ke karɓar takardu, kuma sai da inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000. Mu duka mun san yadda ake yawan hana 'yan Najeriya, har masu cikakkun takardu. Duk abin da ka ƙara a kuɗin ɗaki, ka ƙara abin da zai iya maƙalewa ne in ba a ba ku ba. Saboda haka ka sa ejan ya rubuta maka, a takarda ba a baki ba, nawa ne kafin alƙalami, yaushe ake cika sauran, kuma nawa za a dawo maka da shi in biza ta ƙi. In hanyar jirgin ta bi ta wata ƙasa da ba ta cikin Shengen, kamar Tunisiya, ka tabbatar bizar mai shiga fiye da sau ɗaya ce. Wasu za su ce maka ka kama mai araha, in tafiya ta matso kamfani zai turo tayin ƙarin matsayi da kuɗi kaɗan. Yana faruwa, amma sa'a ce, kuma ba kai za ka zaɓi inda ɗakin yake ba.

In bizar Turai ta gagara, ka sa a bincika maka AROYA, kamfanin Saudiyya da jirginsa ya fara tashi daga Jidda a Disambar 2024. Abincinsa halal ne, ba giya, akwai wuraren salla. A irin wannan jirgi Hajiya za ta fi sakewa a wajen ɗaki, kuma a nan mai taga ma zai iya isar ku.

Game da almubazzaranci, ni ba malamar fiƙihu ba ce, amma abin da aka karantar da mu shi ne mumini ba ya ɓarna ba ya kuma ƙwauro, tsakiya yake bi. Ɓarna ita ce ka biya abin da ba za a mora ba, ko ka biya don a gani a faɗa, ko ka biya alhali wani haƙƙi na wuyanka. In kuɗin makarantar auta na nan a ajiye, ba mai binka, zakkarka ta fita, to bijimi guda a kan matar da ta shekara 25 tana tashi da asuba ta haɗa maka abin kari kafin ka tafi abbatuwa, ban ga ɓarna a ciki ba. Nawa ka sayar a shekarun nan? In kuwa ɗaya daga cikin waɗannan bai cika ba, mai taga ba abin kunya ba ne, daidai ruwa daidai tsaki.

Saura ba-zatar. Alhaji, ba za ta yiwu ba ko ka so, domin sai Hajiya ta je da ƙafarta an ɗauki hoton yatsunta kafin a karɓi takardun biza. Kuma ni ban so ta yiwu ba. Duk abin da na faɗa a kanta daga wasiƙarka na ciro shi, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo. Wataƙila ta ce maka tsayin barandar ma tsoro zai ba ta, ta fi son taga. Sai dai ka kula da yadda za ka tambaye ta. In ka fara da farashi, kara ba za ta bar ta ta faɗi gaskiya ba, cewa za ta yi “Haba Alhaji, kuɗin ya yi yawa, ko wanne ma ya yi.” Ka sa ejan ya turo maka hoton ɗakunan uku a waya. Bayan isha'i, in gida ya yi shiru, ka gaya mata alkawarin nan na kan gada ya zo, ka miƙa mata wayar, ka bar ta ta duba da kanta ba tare da ka ce komai ba. In ta tambayi kuɗin ka faɗa mata gaskiya, amma sai bayan ta nuna wanda take so.